Jujin Gidan Malam Lawal

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan La'asar

Yau mai unguwa ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci. Ya ce duk gidan da ke da juji a bakin layi ya kwashe kafin watan nan ya ƙare, don bara shara ce ta toshe kwata, ruwa ya shiga gidaje har ya kayar da katanga. Bai kira sunan kowa ba. Amma da ya zo kan maganar manyan juji, wasu sun waiwayo sun dube ni, wani ma har da gyaran murya.

Gaskiyarsu ce. Namu ya fi na kowa. Tokar shekara guda ce, da kashin awakin Inna, da sharar tsakar gida, ya taru ya kusa kai taga. A da war haka an daɗe da kwashe shi. Da bazara ta kama sai Baba ya ɗauko hayar amalanke, mu kai gonarmu ta hanyar Gubuchi, mu jera shi tsibi-tsibi ya jira ruwa. Tun tasowata ban taɓa ganin jujinmu ya kai wannan wata ba.

Bana babu inda za a kai shi. Gonar ba tamu ba ce yanzu, an sayar tun kafin azumi. Baba bai sani ba.

Ga shi na rubuta, kuma ba abin da ya sami hannuna. Da baki ne ba na iya faɗa.

Talata, 8 ga wata, da hantsi

Na fito da Baba zaure kamar kullum. Tun da hawan jini ya kayar da shi bayan kaka, ɓarin hagu bai dawo ba. Magana ta dawo, sai dai a hankali take fita, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Ranar da aka sallame mu likita ya ja ni gefe ya ce kada a kuskura a kawo masa labari mai nauyi, wai na biyun in ya zo ba ya sallama. Na faɗa wa Inna, ita kuma ta mai da shi dokar gida.

Shi ya sa a wurin Baba, Yaya Hamisu motar tumatir ya bi zuwa Fatakwal, mota ta lalace, ya daɗe a can. Haka Inna ta ce, haka muka riƙe. Yaya ya dawo tsakiyar azumi, da ƙafarsa, alhamdulillahi. Tun daga ranar bai taka waje ba.

Daga inda nake jingine Baba a zaure, yana ganin layi, yana ganin juji, yana ganin mararrabar bakin masallaci. Dama ce hanyar gonarmu.

Ya tambaye ni ko an fara kai taki. Na ce sai an tsince leda tukuna. Ya ce hakan ya yi, leda maƙiyiyar ƙasa ce.

Laraba, 9 ga wata, da yamma

Kasuwa. Rake ya yi tsada, ciniki ba laifi. Kowa sai ya tambayi jikin Baba, sannan ya rage murya ya tambayi ɗan'uwana.

Alhamis, 10 ga wata, bayan Azahar

Suhaib ya zo. Tare muka yi wasan langa da shi a layin nan, amma tun da ƙungiyar matasa ta samu keke mai bodi na kwasar shara ya sa wata riga mai ƙyalli, yanzu wai Manaja ake ce masa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon jujinmu.

“Zakiyyu, wannan dutsen Kufenan naku, hawa ake yi ko kallo kawai?”

Na ce masa tikiti ake yanka, shi kuma manaja ne, nasa ninki biyu.

Ya yi mini bayanin tsarinsu. Litinin da Alhamis suke zagaye. Kowane gida su ba shi buhu, a zuba, su ɗauka, ƙarshen wata a ba su abin da aka yanka. Ba sa zaɓe, leda, famfas, kwalba, toka, duk ɗaya ne a wurinsu. Tsohon juji irin namu kuwa jinga ce daban, ya ce yini guda su share shi kamar ba a yi ba. Na tambayi inda suke kaiwa. Ya ce ramin bayan gari, inda aka haƙi ƙasar gini.

To ai nan gizo ke saƙar. Baba yana zaune yana kallo a loda takinsa a keke a kai rami? Mutumin da ya taɓa marina don na zubar da toka a kwata.

Na ce zan yi shawara. Suhaib ya ce in yi da wuri, rabin layi sun shiga.

Juma'a, 11 ga wata, bayan Magariba

Farida, matar Yaya, keke take so. Ta ce ita ce mai goyo, ita ta san warin da ke shigowa ta taga da rana, kuma ƙuda ya fara damun yarinya. Ba ta faɗi ƙarya ba. Inna ta ce ba maganar wari ake yi ba. Farida ta ce ta sani, amma yarinyar ba ta sani ba.

Yaya yana ɗaki, na san yana ji.

Asabar, 12 ga wata, da safe

Ya tambaya. Na ce leda dai, Baba.

Lahadi, 13 ga wata, bayan La'asar

Tunda na ce leda, dole a ga ina tsintar leda. Na ɗauko manjagara da buhu na zauna a gefen juji. Ban san haka gidanmu ke cin fiya-wata ba sai yau. Ga baƙar leda, ga ta magi, ga batir, ga silifas wari guda. Akwai kwalayen maganin Baba da yawa a sama-sama. Da na yi ƙasa kaɗan sai suka ƙare, na kai lokacin da yake da lafiya.

Ina cikin haka Malam Gambo ya tsaya. Manomi ne, yana da bijimai biyu da amalanke, duk bazara yakan bi gari yana neman taki. Ya tsuguna muka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya tambayi zafi, ya tambayi kasuwa, ya sake tambayar Baba. Sannan ya ɗebi jujin da hannu ya murza, ya sansana.

Can ya ce shi dai ya ji abin da ya ji, kuma Allah ya kiyaye gaba. In ba mu da inda za mu kai, shi yana so. Ba ya karɓar ko sisi, kuma in kaka ta yi zai kawo dami, yadda aka saba.

Yadda aka saba. Na san wa ake yi wa haka. Matan da mazansu suka rasu, da ma'aikatan da aka turo daga wani gari, da tsofaffin da ba su da kowa. Gidan da ke da gona ba ya ba da jujinsa. Ranar da amalanken wani ya tsaya a ƙofarmu ya yi hagu a mararraba, ba sai an yi shela ba.

Gari kam ya riga ya sani. Mutum ɗaya ne bai sani ba, kuma shi ne ke zaune yana kallon mararrabar.

Na yi masa godiya, na ce zan yi shawara. Kwanan nan ba abin da nake yi sai shawara.

Talata, 15 ga wata, bayan Azahar

Wata dabara ta zo mini. In wanda ya sayi gonar zai karɓi takin, ai shi ke nan. Amalanke ya yi dama, taki ya sauka inda ya saba sauka, in Baba ya tambaya in ce an kai, ban yi ƙarya ba. Na faɗa wa Inna. Ta ce in gwada, amma kada in roƙi kowa.

Alhamis, 17 ga wata, da yamma

Na je Kudan wurin Alhaji Iliyasu, wanda ya sayi gonar. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo ruwa mai sanyi. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya yi murmushi. Ya ce shi takin zamani yake sawa, tarakta za ta shiga ta yi huɗa, masara zai zuba daga farko har ƙarshe. Takin juji ciyawa yake kawowa, ga leda tana naɗe wa injin haƙori. Na ce ina tsincewa. Ya ce ya yarda, amma a bar shi dai. Ya tambayi ɗan'uwana, ko yana samun barci yanzu. Na ce da sauƙi.

Ban roƙa ba.

Da zan dawo na ce wa ɗan acaɓa ya bi ta wajen gonar. Bishiyar ɗorawar gonar tana nan, ta yi 'ya'ya sosai bana. An kafa duwatsu a kan iyaka an shafa musu farin fenti. Ban sauka ba.

Keken Suhaib bai zo ba yau, wai babu mai. Buhunan mutane na jere a bakin ƙofa, awaki sun yaga biyu.

Juma'a, 18 ga wata, da safe

Ya tambaya. Na ce saura kaɗan, Baba. Ya ce hadari ya fara leƙowa ta gabas, in rage nawa.

Asabar, 19 ga wata, bayan La'asar

Ina tsintar leda sai na ga inuwa a kaina. Yaya Hamisu ne. Ya tsuguna ya fara tsinta. Rabon da rana ta taɓa shi a waje tun dawowarsa. Ya rame ta wuya, rigarsa kamar ta aro. Na tura masa buhu kusa.

Mun yi nisa. Ya tsinci wani tsohon murfin fitila ya juya shi ya ce, “Wannan ai kai ka fasa, aka doke ni.” Na ce ƙarya ne, shi ya fasa. Ya ɗan yi dariya ta hanci.

Sai babura biyu suka shigo layi a tare da gudu, yaran makanikai ne ke gwaji. Kafin in ɗaga kai ya shige. Ya bar takalminsa ɗaya.

Baba yana zaure, ya ga shigarsa. Ya tambaye ni me ya koro Hamisu. Na ce ciki ne ke damunsa, ruwan kudu bai karɓe shi ba.

Ƙaryar nan kamar jujin take. Kullum sai an ƙara kwando.

Lahadi, 20 ga wata, bayan La'asar

Yaya ya sake fitowa. Yau ya daɗe.

Litinin, 21 ga wata, bayan Magariba

Mai unguwa ya aiko a tuna mini. Ya ce ya san halin da muke ciki, amma ruwa bai sani ba.

Na je gidan Malam Gambo. Na same shi yana ba bijimai harawa. Na ce na ba shi jujin, amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, in Baba ya tambaya, haya na ɗauke shi. Na biyu, in ya kai mararraba ya yi dama, ko da zai zagaya ta bayan firamare ya koma hanyarsa.

Ya daɗe yana sosa wa jan bijimin wuya. Ya ce, “Ƙanina, ƙarya kam ba zan yi wa Malam Lawal ba, ya girme ni, kuma ya taɓa ba ni iri shekarar da nawa ya ruɓe. Amma shiru na iya. Dama kuma, hanya ce ta Allah, kowa na iya bi.”

Na ce ya isa. Mun tsayar da jibi da gata.

Na faɗa wa Suhaib. Ya ce na zaɓi shanu na bar inji, Allah ya shirye ni. Na ce shanun dai ba sa jiran gidan mai.

Laraba, 23 ga wata, da hantsi

Ban je kasuwa ba. Malam Gambo ya zo tun da sanyin safiya. Ya leƙa zaure ya durƙusa ya gaida Baba, gaisuwa zalla, ya fito ya kama cebur. Ni da shi muka loda. Yaya bai fito ba, amma na ga labulen ɗakinsa yana motsi.

A sawun farko bijiman suka kai mararraba suka nufi hagu da kansu, hanyar da suka sani. Malam Gambo ya ja, suka cije. Ya yi musu magana, ya ɗaga sanda, baƙin ya tsaya cik ya yi fitsari a tsakiyar hanya kamar mai jiran a yi masa bayani. Ni ina tsaye gumi na bi mini baya. Da ƙyar suka juya dama.

Baba ya ce shanun Gambo ba su da tarbiyya. Ya yi dariya har ya ƙware, na ba shi ruwa.

Alhamis, 24 ga wata, bayan Azahar

An gama. Ƙofar gida ta yi fili, sai baƙin tabo a ƙasa da a jikin bango. Farida ta fito ta yayyafa ruwa ta share, ta buɗe taga. Buhunan ledar da muka tsince na ba Suhaib ya tafi da su.

Baba ya ci tuwonsa duka yau. Ya kira ni ya ce in tabbatar an fi zuba takin ta wajen tudu, can ƙasar ta gaji, wajen ɗorawa kuwa a rage, ganye na ciyar da shi. Ya ce bana dawa za a sa a tudun, a ratsa wake. Na ce to. Ya ce in Allah ya ba shi ƙafa, ko a baro ne sai an kai shi ya ga tsiro.

Na ce Allah ya ba da lafiya.

Ya kamata in ji sauƙi. Ban ji ba.

Juma'a, 25 ga wata, bayan La'asar

Bari in rubuta yadda ya faru, tun kafin ya cakuɗe mini.

An sauko daga masallaci, ina zaure ina yanke wa Baba farce, sai ga sallama. Malam Inuwa ne, mahaifin Malam Gambo, da sandarsa da goro a ƙunshe cikin ganye. Tsoho ne sosai, kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa in yana magana har bakin titi ana ji. Abokin Baba ne tun suna samari. Na shimfiɗa masa buzu. Suka gaisa, ya tsokani Baba wai ya kwanta ne don gudun noma, Baba ya ce shi kuwa ya kurmance ne don gudun masu bin sa bashi. Raina bai kawo komai ba. Na ɗauka dubiya ce.

Sai ya kwance goron ya ajiye a gaban Baba.

“Lawal, godiya na zo yi. Allah ya saka da alheri. Na je gona jiya na ga abin arziki, taki kamar an tankaɗe, ko ƙyallin leda babu. Na ce wa Gambo wannan daga gidan mutanen kirki ya fito, sai ya faɗa mini. Wai kada in zo. Na ce yaushe ka fara koya mini zumunci? A ci jujin mutum a yi shiru, ai ba a yi haka ba. In kaka ta yi daminka na nan, ni da kaina zan zaɓa.”

Baba ya ce, “Wane taki?”

Malam Inuwa bai ji ba, ya ci gaba da yabon toka. Baba ya sake faɗa, a hankali, yana kallona. Sai a lokacin tsohon ya dubi fuskata. Ya tsaya da baki a buɗe. Ya laluba sandarsa, ya ce ashe ya bar wani abu a gida, Allah ya ƙara sauƙi. Ko takalmi bai sa daidai ba.

Na ja kunnen Gambo, na ja kunnen shanu. Na manta gonar da Gambo ke nomawa ta ubansa ce, kuma godiyar juji maigida ke kai wa maigida. Tun ina yaro na san haka.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce in mayar da shi ciki, in kira masa kowa.

Inna ce ta yi magana. Ta fara daga ranar da wayar masu garkuwa ta shigo, da sayar da gonar don kuɗin fansa, ta bi da shi har ranar da aka je aka ɗauko Yaya a bakin wani ƙauye. Ba zan rubuta abin da ta ce ba. Ni idona na kan hannunsa na dama, da gefen bakinsa, ina jiran abin da likita ya ce.

Da ta gama ya ce Hamisu ya matso. Yaya ya matso da gwiwa. Baba ya ɗora masa hannu a ka, ya shafa zuwa wuya, zuwa kafaɗa, kamar mai duba dabbar da ta ɓata ta dawo.

Ya ce, “Gonar ta isa?”

Yaya ya ce, “Ta isa, Baba.”

Baba ya ce to alhamdulillahi, ta yi aikinta. Har na fara sauke numfashi. Sai ya juyo wajenmu, ni da Inna.

“Ɗana yana daji a hannun mutane, ni ina nan kwance ina tambayarku tumatir. Hannu ya mutu, ƙafa ta mutu, baki kaɗai Allah ya bar mini. Shi ma kuka hana ni in yi masa addu'a da shi.”

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Asabar, 26 ga wata, bayan Asuba

Baba ya kwana. Yana numfashi daidai, bakin bai ƙara karkacewa ba.

Asabar ɗin dai, da hantsi

Na kira mai kyamis ya auna shi. Jinin ya hau, amma ya ce ba irin hawan da ake gudu ba, a ci gaba da magani. Baba ya miƙa masa hannu, ya amsa gaisuwarsa. Ni bai dube ni ba.

Malam Gambo ya zo ba da haƙuri, ya tsaya a waje ya kasa shigowa. Na ce ba laifinsa. Ya ce tsohon ya ƙi cin abinci tun jiya, yana ta cewa bakinsa ya kashe abokinsa. Na ce ya je ya faɗa masa da ƙarfi, a kunnen da ke ji, cewa abokinsa ya sha koko.

Lahadi, 27 ga wata, da yamma

Baba bai ce a fito da shi zaure ba. Yaya ne ke ɗaga shi, Yaya ne ke ba shi magani. In na shiga sai ya rufe ido. Inna ma haka, ta kai abinci ta ajiye ta fito.

Ni ne na kawo maganar likita gidan nan. Har yanzu ban san ko da an sake ba, da wani abu daban zan yi.

Talata, 29 ga wata, bayan Azahar

Ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi. Kwata ta wuce da shi sumul. Ƙamshin ƙasa ya cika gida, na rasa inda zan sa kaina. War haka da muna neman iri.

Laraba, 30 ga wata, da yamma

Kasuwa. Ciniki ba laifi.

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Farida ta share tsakar gida ta tsaya da kwando a hannu, ta tambaye ni ina za ta zuba. Mai unguwa ya hana bakin layi. Na ce ta jira. Ina tsaye ina tunani sai na ji muryar Baba daga ɗaki.

“Zakiyyu.”

Na shiga na durƙusa. Bai kawo waccan maganar ba. Ya ce shara kashi biyu za a riƙa yi daga yau. Toka da kashin awaki a tara a lungun bayan garke, na Gambo ne duk bazara. Leda da tarkacen zamani a zuba a buhu, yaron nan mai riga mai ƙyalli ya riƙa ɗauka, tunda ya ce aikinsa ne. Ranar da ba su zo ba a shigo da buhun ciki, kada awaki su ci.

Na ce to. Na tambaye shi damin fa, in an kawo.

Ya ce, “A karɓa. Gidan da ba shi da gona ba ya raina dami.”

Ya ce kuma in je in ɗauko masa Inuwa, ko a amalanke ne, ya zo ya ci goronsa da ya bari ya gudu.

Da na tashi zan fita ya ce farcen nan ban gama yanke masa ba.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan Asuba

Na sa sunan gidanmu wurin Suhaib, ya kawo buhu. Sabo ne, har da tambarin ƙungiya. Ya ce in gaida shanu.

Yanzu kullum in an idar da sallar Asuba, Baba sai ya ce Hamisu ya zo ya zauna kusa da shi. Ya ɗora masa hannu a ka ya yi ta karanto addu'o'in tsari, irin waɗanda ake yi wa matafiyi da wanda ke hannun azzalumai, Allah ya makantar da su, Allah ya kuɓutar da shi, Allah ya dawo da shi gida lafiya. Yana yi a hankali, kalma na fita da ƙyar, har rana ta fito. Yaya ya sunkuyar da kai yana cewa amin.

Yau Inna ta kawo koko ta tsaya a bakin ƙofa tana ji. Ta ce, “Malam, ai yaron ya dawo.”

Ya ce ya sani. Ramuwa yake yi.